Sitiyari na rawa in ka taka birki: fesin, ɗan Beljiyam, ko sabon faifai?

Ranar da abin ya fara damuna da gaske, daga Zariya nake dawowa da la'asar sakaliya. Na wuce Jaji, maleji na kan ɗari, sai ga jerin tireloli gab da Maraban Jos, ɗaya tana ƙoƙarin hawowa kwalta. Na ɗora ƙafa a birki, ba ma da ƙarfi ba, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna kamar mai masassara. Ina ɗaga ƙafa ya yi tsit. Na sake takawa, ya sake kamawa. Uwargida da ke gefe ta ce, "Malam, lafiyar motar nan kuwa?" Na ce mata lafiya lau, amma daga nan har Kawo ban ƙara wuce sittin ba.

Motar Corolla ce ƙirar 2006, irin wadda ta cika garin nan. Washegari na kai ta gareji, bakanike ya leƙa ta tsakanin rim, ya shafa faifan birki da yatsa, wanda su suke kira dis, ya ce, "Oga, dis ɗinka ya lanƙwashe. Ko a yi masa fesin, ko in nemo maka Beljiyam, ko ka sayi sabo." Fesin shi ne a ɗora faifan a inji a yanke fuskarsa kaɗan don ta daidaita. Duk mai mota a Kaduna da ya kai wannan ƙorafi gareji, waɗannan hanyoyi uku za a shimfiɗa masa. Na bi biyu daga cikinsu da kuɗina, ta ukun kuma na sha raka abokai. Abin da na fahimta shi ne, aljihu ba shi ne farkon mai yanke hukunci ba. Akwai wata lamba da aka buga a jikin faifan, ita ce alƙali, kuma kafin a kai gare ta ma sai an tabbatar laifin na faifan ne.

Ka fara tabbatar da wanda ya yi laifin

Ka sami hanya miƙaƙƙiya da sassafe, lokacin da babu cunkoso, ka kai motar tamanin zuwa ɗari ba tare da ka taɓa birki ba. In tana rawa a hakan, ka bar faifai ya huta: taya ce take son balansin, ko ta yi ƙulu a ciki, ko rim ya bugu a rami. Wanda ke bin titunan cikin unguwa bayan ruwan Agusta ya san yadda rami ke yi wa rim. In kuwa tana tafiya sumul sai ka taka birki sannan ta fara, to an shigo gidan birki.

Daga nan sai ka saurari inda rawar ke fitowa. In sitiyari ne ke kaɗawa hagu da dama, matsalar a gaba take. In a kujera kake jin ta, ko a gindin motar, sitiyari kuma bai damu ba, ka duba baya. Corolla irin tawa da yawansu dram ne a baya, wato birki mai siffar kwano, ba faifai ba, kuma dram ma yana rasa daidaiton zagayensa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a gudun da bai wuce talatin ba, a fili, ka riƙe maɓallin hambirki ka ɗan ja shi a hankali. In ka ji yana kamawa yana saki a hannunka, ga mai laifi nan. Kada ka fizge shi, kuma kada ka gwada a kan jiƙaƙƙiyar hanya.

Akwai wata rawar da ba cuta ba ce. Mota mai ABS, in ka taka birki da ƙarfi a kan tsakuwa ko laka, fedar za ta riƙa bugun tafin ƙafarka da sauri har da ƙara kamar ana gurza ƙarfe. Aikinta take yi, tana hana taya ƙamewa. Na san wanda ya kusa sayen faifai biyu saboda wannan.

Sai kuma kayan ƙafa. Tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, da ya saki, boljoyin da ya ci, bushin da ya tsage, boris mai wasa, kowannensu yana iya mayar da ƙaramar rawa babba, domin in ka taka birki nauyin motar gaba yake komawa ya danne su. A ɗaga motar a jak, a kama taya gefe da gefe a girgiza, a sake kamawa sama da ƙasa. In akwai wasa ko ƙas-ƙas, a fara da wannan. Faifai ko na zinare ne ba zai zauna daidai a kan boris mai wasa ba.

Abin da ke faruwa a jikin faifan

Kalmar "ya lanƙwashe" ta zama jiki a bakin kanikawa, amma sau da yawa ba lanƙwasa ba ce irin ta murfin tukunya. Faifan narkakken ƙarfe ne mai kauri da aka zuba a mazubi, ba ya tanƙwaruwa da sauƙi. Abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya: wani wuri ya fi wani cika da ɗan abin da ido ba ya gani. Fad biyu, wato takalman birki, suna matse shi ta kowace fuska, to duk sanda wuri mai kaurin ya zo wucewa sai ya ture su baya, turin ya bi man birki ya iso ƙafarka, ya bi tayarod ya iso hannunka. A gudun kilomita 100 a awa, tayar Corolla tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda. Karkarwar da kake ji ke nan.

Kuma abin kaɗan yake buƙata. Littafin gyaran Toyota na irin waɗannan motoci bai yarda faifai ya yi layi gefe da gefe fiye da milimita 0.05 ba, wato kamar rabin kaurin takardar rubutu. Bambancin kauri kuwa, wanda bai kai haka ba ma ƙafa tana jin sa. Shi ya sa shafawa da yatsa ba awo ba ne.

Hanya biyu ce ke kai faifai ga wannan hali. Ta farko, ya zauna a karkace a kan hob, ƙarfen da ke ɗauke da shi da tayar. Da ya zauna a karkace, kowane juyi sai ya ɗan gogi fad a wuri guda, ko ba ka taka birki ba. Ranar farko ba za ka ji komai ba. Bayan 'yan dubban kilomita wurin ya cinye, rawa ta fito. Ta biyu zafi ne. Mota mai nauyin kilo 1,200 in ta tsaya daga gudun 100, zafin da birki ke sha ya isa ya kai ruwa kusan lita ɗaya da rabi ga tafasa, kuma mafi yawansa faifan gaba ne ke ɗauka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daga 120 kuwa zafin ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. In ka tsaya cak bayan irin wannan birkin ka ci gaba da danne feda, a shingen bincike ko bayan tirelar da ta tare hanya, fad yana barin shafensa a wuri ɗaya a kan faifai mai zafi. Wani lokaci har za ka ga hoton fad ɗin a jiki kamar an buga hatimi. Haka nan wanda ke shigowa daga Abuja ya zarce wurin wankin mota a watsa wa ƙafafun ruwan sanyi, bai yi wa faifansa adalci ba.

Yadda na biya kuɗi sau biyu

Na zaɓi fesin a karon farko, saboda shi ne mai sauƙin kuɗi. Yaron gareji ya ɗaure faifan biyu a bayan babur, bayan awa biyu ya dawo da su suna ƙyalli. Aka mayar, aka sa tsofaffin fad ɗina saboda "da sauransu", aka ɗaure taya. Motar ta yi luf. Wata biyu da 'yan kwanaki, ina gangarowa daga gadar Kawo, sitiyari ya dawo da tsohon halinsa. An gudu ba a tsira ba.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijo da ya ce ya yi aiki a kamfanin haɗa Fijo na Kakuri tun zamanin 504. Bai ce uffan ba sai da ya cire faifan hagu. Ya kira ni, "Alhaji, zo ka gani." Fuskar hob ɗin ta yi ja da tsatsa, wani gefen har ta yi ɓawo. Ya sa farce ya ɓanɓaro wani ɗan ɓawo kamar ƙwayar gero da aka daka, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "A kan wannan suka ɗora maka faifan da ka biya aka gyara." Ya bayyana mini cewa dattin da ke kusa da tsakiya, kafin karkatarsa ta kai bakin faifai ta ninka biyu ko fiye. Sannan ya zaro ƙusoshin da kalifa, ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse su a jikin faifai, ke zamewa a kansu. Ta sama ta fito da sauƙi. Ta ƙasa sai da ya sa filaya ya murɗa, ta fito busasshiya, giris ya zama kamar busasshen kwalli, robar da ke rufe ta ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sun yi gida a ciki. Fad na ciki ya cinye ya kusa kai ƙarfe, na waje kuwa da rabinsa.

Ashe fesin ɗin bai yi laifi ba. An yi wa faifai aski, an bar abin da ya kawo cutar yana nan daram. Duk wanda ka zaɓa cikin ukun nan, in ba a goge hob har ya yi fari ba, ba a wanke ƙusoshin kalifa an sa musu giris ɗin birki ba, kuɗinka ka zubar. Na ce giris ɗin birki, domin giris na gama-gari yana kumbura roba, ƙusar ta sake maƙalewa. Kai ma za ka iya gane kalifa mai riƙewa tun kafin gareji: bayan tafiyar minti goma sha biyar da ba ka sha taka birki ba, ka kai bayan hannu kusa da kowane rim, kada ka taɓa faifan. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ita ce.

Fesin

Dattijon ya juya faifan ya goge gefensa da buroshin waya, sai ga rubutu ya fito: MIN TH 23. Ma'anarsa, kada kaurin ya gaza milimita 23. Sabon faifan gaba na wannan Corolla milimita 25 ne, ka ga duk rayuwarsa milimita biyu ce kacal. Na Camry ƙirar 2007 zuwa 2011 yana farawa da 28 ya ƙare a 25. Kowace mota da nata, kuma a jikin faifan yake, ko a gefe ko a cikin kwanon tsakiya.

Ya auna nawa da maikuromita, ɗan abin awon kauri, ba a baki ba, domin bakin faifai yana da tudu inda fad ba ya kaiwa, kuma tudun yana yaudarar mai awo. Ya shiga ciki kamar santimita ɗaya, ya auna wuri takwas a zagaye. Ya sami 23.4. Fesin na farko da cin hanya sun riga sun kwashe rabonsa. In an sake yanka, ko dai a sauka ƙasa da lambar, ko a tsaya a bakinta ba tare da abin da sabon fad zai ci ba. Maganar fesin ta mutu a nan.

Amma ba na cikin masu zagin fesin. In faifanka na asali ne wanda ya zo da motar, kaurinsa yana kusa da sabo, babu tsagewa, to ƙarfensa ya fi na yawancin sababbin araha da ke kasuwa, kuma asara ce a jefar da shi saboda ɗan bambancin kauri. Kaduna kuma ba ta rasa masu injin yankan ƙarfe ba, Panteka kaɗai ta isa shaida. Abin dubawa shi ne yadda za a yi aikin. Faifan ya zauna a injin ta fuskar da yake zama a kan hob, bayan an goge ta tas. A yanki fuska biyun a zama ɗaya. Wanda zai yanki gefe guda, ya kwance, ya juya, ya sake ɗaurewa, da wuya fuskokin su fito daidai da juna, sai ka karɓo faifai mai ƙyalli da cutar da ka kai shi da ita. A cire kaɗan gwargwadon buƙata, kuma ƙarshen yankan ya zama mai laushi, ba mai zara-zaran layuka da farce ke kamawa ba. Akwai injin da ake ɗaurawa a jikin motar ya yanki faifan a inda yake zaune, wannan ya fi duka domin yana gyarawa har da 'yar karkatar hob. In ka sami mai shi, kada ka yi ciniki da yawa.

Inda fesin ba ya aiki: faifan da ya yi tabo shuɗi-shuɗi ko baƙi kamar jikin damisa. Zafi ya taurara ƙarfen a waɗannan wuraren, taurin kuma ya shiga ciki. Wuƙar inji za ta share fuska, amma wurin mai tauri ba zai ci daidai da maƙwabtansa ba, rawa ta dawo. Wanda ya tsage kuwa, ko da tsagar kamar gashi take in ta kai baki, na 'yan gwangwan ne. Sannan ka sani duk faifan da aka rage masa nama ya fi saurin ɗaukar zafi, domin ƙarfen da zai shanye zafin ya ragu.

Ɗan Beljiyam

A nan ne mutanenmu suka fi sakin jiki, kuma ina gane dalili. An sha cutar da mu da sabon kaya na jabu har "Beljiyam" ta zama wata kalmar yabo. Injin, giyabos, ƙofa, fitila, duk na yarda. Faifan birki kuwa daban yake, domin shi kaya ne mai cinyewa, kamar taya ko fad. Motar da aka ciro shi daga jikinta ta yi shekaru tana cin wannan milimita biyun, ba ka san nawa ta bari ba. Mai shago zai goge shi da samfefa ya shafa masa baƙin mai, ya ce maka "kamar sabo, ko taɓa shi ba a yi ba". Wataƙila gaskiya ya faɗa. Wataƙila kuma 23.2 ne.

Ga kuma tsatsa. Motocin da suka fito daga yankunan Amurka da Kanada da Turai masu ƙanƙara, gishiri ake zuba wa titunansu da hunturu, gishirin nan kuma yana cin ƙarfe. Ka ɗaga faifan ka leƙa ramukan iska da ke tsakanin fuskokinsa biyu. In sun toshe da ɓawon tsatsa, ba zai huce yadda ya kamata ba. Sannan waɗannan faifan a jibge suke zuwa cikin kwantena, ana jifa da su, da wuya ka sami biyu daga mota ɗaya. Hagu mai 24.6 da dama mai 23.5 ba tagwaye ba ne.

Duk da haka yana da ranarsa. Mai tsohuwar Fijo 406, ko wata motar Turai da sabon kayanta na kirki ke wuyar samu ko tsadarsa ta wuce hankali, ɗan Beljiyam mai kauri na asali ya fi masa sabon da ba a san mahaifinsa ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka aika yaro. Ka je Oriakpata ko duk inda kake sayen kayanka tare da bakanikenka da abin awo a aljihu, ku auna a gaban mai shago, ku yi yarjejeniyar mayarwa in ya yi rawa. Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin awo. In ba haka ba, kifi ka saya a ruwa. Ka kuma lissafa cewa sau da yawa ɗan Beljiyam ma sai an ɗan yi masa fesin kafin ya zauna, to ka haɗa kuɗin biyun kafin ka kwatanta da sabo. Wani lokaci ratar ba ta kai yadda ake zato ba.

Sabo

Shi ne mafi tsada a ranar saye, kuma shi kaɗai ne ke ba ka cikakken kauri, fuska madaidaiciya, da tarihin da ya fara daga kanka. Shi na saya a karo na biyu, har yau ban sake jin rawa ba.

Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba: sabo suna ne kawai. A shago ɗaya za a fito maka da kala uku a farashi uku. Sunaye irin su Bosch, TRW, Brembo da ATE sanannu ne a duniya wajen kayan birki, kuma saboda sanin nasu ne masu jabu ke buga kwalinsu. Kwali ba shaida ba ne. Ka ɗauki faifan a hannu. Ka ɗora shi kusa da tsohon naka, faɗi da tsayin kwanon tsakiya da ramukan noti su zo ɗaya. Ka duba ta gefe: na araha sukan faɗaɗa ramin iska su sirantar da fuskokin biyu, kauri a awo ya cika amma ƙarfe ya ragu, za ka ji shi shafal a hannu idan ka gwada da na asali. Fuskokin biyu su zama kauri ɗaya duk zagaye. A sami lambar MIN TH a jiki. Faifan da maƙerinsa bai damu ya buga wannan lamba ba, ni ba na ɗora iyalina a kansa. Dattijon nan yana da wata al'ada, yakan rataye faifai a yatsa ya ƙwanƙwasa da sifana ya saurara. Ya ce mai tsaga ba ya amo. Wannan dai kunnensa ne, ni ban iya ba.

Biyu ake saye, hagu da dama, ko da ɗaya ne ya lalace. Kuma da sabon fad. Wannan ya shafi duka hanyoyin uku, kuma a nan na yi wauta a karon farko: tsohon fad ya riga ya ɗauki siffar tsohuwar fuska, da kwarinta da tudunta, zai kuma zana su a kan sabuwar.

To wanne?

In da ƙanena ne ya tambaye ni, sai in fara tambayarsa inda yake zuwa da motar. Wanda zirga-zirgarsa daga Unguwar Rimi zuwa ofis ce, da kai yara makaranta, da wuya ya wuce sittin, faifansa na asali ne kuma bayan yanka zai rage da aƙalla milimita ɗaya sama da lambar, ya yi fesin a wurin mai hankali, ya sa fad mai kyau, ya adana canjinsa. Wanda kuwa kowane mako yana hanyar Abuja ko Kano, ko direban haya mai cika mota da fasinja da kaya a but, ko mai Sienna da ke kwasar gida guda zuwa ƙauye, sabo mai kyau zan ce masa ko da fesin zai yiwu, domin shi zafi ne abokin tafiyarsa, kuma kauri ne ke shanye zafi. Ɗan Beljiyam na ajiye shi ga wanda sabon kirki ya gagara, kuma da abin awo a hannu. Sabon araha marar suna shi ne na ƙarshe a wurina, yana bayan duka.

Wanda awo ya nuna faifansa ya kai lambar ko ya gota ta, ba shi da zaɓi uku, biyu gare shi. In bakanike ya ce "zai ɗan ƙara kai ka", ka tambaye shi ko zai hau gaba ku je Abuja tare.

Ranar ɗaurawa

Ka tsaya a wurin, kada ka bar makulli ka tafi. Sabon faifai yakan zo da wani mai a jiki da ke hana shi tsatsa a kwali, a wanke shi tas kafin ya haɗu da fad. A goge hob. In garejin yana da agogon awo, a ɗaure faifan da noti a juya shi da hannu a ga allurar ba ta wuce 0.05 ba. In ta ɗan wuce, sau da yawa cire faifan a juya shi zuwa ramin noti na gaba yana rage ta. A duba man birki ma: yana shan danshi daga iska, samfurin da ake kira DOT 4 in sabo ne sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya sauka zuwa 155. In ya yi baƙi ko ya haura shekara biyu, a sauya.

Sai notin taya, inda ake ɓata aiki mai kyau a minti ɗaya. Toyota ta ce a ɗaure na Corolla da Camry a kan 103 a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, Honda 108. Wannan ƙarfin hannun mutum ɗaya ne da sifana madaidaiciya. Abin da muke gani kuwa, mai faci ya zura bututu a wil sifana ya hau da ƙafa biyu yana tsalle har noti ya yi kuka, ya gama da ɗaya sannan ya koma na kusa da shi. Hakan yana danne faifai a gefe guda. A fara kama duka biyar da hannu, sannan a ɗaure a tsallake, ɗaya a nan ɗaya a can kamar zanen tauraro, zagaye biyu. Ni yanzu ko faci zan yi a bakin hanya, karɓar sifanar nake yi in ce, "Bari in ƙarasa, abokina." Suna dariya, suna ba ni.

Kafin ka motsa motar ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri, domin an tura fistin da ke matsa fad baya lokacin aiki, takun farko fanko ne. Sannan ka nemi hanya marar cunkoso ka zaunar da fad ɗin: ka kai sittin, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka sauko kusan goma, kada ka tsaya cak, ka sake hawa. Kamar sau takwas zuwa goma. Za ka iya jin ɗan ƙauri, ba komai. Daga nan ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma ba tare da birki sosai ba don su huce. Kwanakin farko ka guji birkin gaggawa in ba dole ba. Saboda haka in tafiyar Sallah ce a gabanka, kada ka kai motar gareji ranar jajibiri, ka ba ta mako guda tana yawo cikin gari tukuna.